Ranar Da Na Riƙe Makullin Motar Asibiti

Ku 'ya'yana, akwai maganar da na san kun sha ji a gidan biki ko wurin zaman makoki, cewa ubanku ya taɓa kunyata kakanku a gaban jama'a, mutumin da ya koya masa sana'a kuma ya ba shi 'yarsa. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, na kuma san kunya ce ta hana. Yanzu da hannuna ya fara rawa har na ajiye sukudireba, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina da sauran tunani. Abin da kuka ji gaskiya ne, amma rabi aka ba ku.

Kakanku Malam Iliyasu, wanda direbobin hanyar Jos suka fi sani da Ilu Mai Waya, yana da rumfar gyaran wayarin mota a bakin titi a Tudun Wada. A hannunsa na koyi komai, daga feƙe waya har karanta mita. Da na ƙware ya sallame ni, amma ban tafi ko'ina ba, na ci gaba da zama a rumfarsa, daga baya kuma ya aura mini mahaifiyarku Rabi. Baba nake ce masa tun kafin ya zama surukina. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai tsabtar aiki, kuma a rumfar akwai ƙa'idar da ba a taɓa faɗinta da baki ba: motar da Baba ya fara taɓawa tasa ce, ba ka sa mata hannu sai ya ce ka sa.

A bazarar shekarar da aka haifi ɗan'uwanku Aminu, mutanen wani ƙauye da ke bayan Doguwa suka kawo mana motar asibitinsu. Ba gwamnati ta ba su ba. Ƙungiyar garin ce ta haɗa ƙarfi bayan kaka, manoma suka ba da masara, Fulanin da ke zagaye da su suka ba da shanu, aka sayo bas ta hannu aka kai birni aka cire kujerun baya, aka kafa gadon mara lafiya, aka ɗaure tukunyar iskar numfashi a gefensa, aka kuma liƙe tagogin baya. Irin wannan mota tana da esi a gaba wajen direba, tana kuma da wata fanka ɓoye a cikin bango kusa da tayar baya, wadda ke hura sanyi ga na baya. Wutar fankar nan daga batir take tasowa, ta bi ta fiyus, ta shiga rile, wato ɗan makunnin da ke buɗe mata hanya, ta bi doguwar igiyar wayoyi a ƙarƙashin daɓen mota har baya, ta ratsa abin da ke rage mata gudu, sannan ta isa fanka. Ko'ina a hanyar nan aka sami matsala, na baya ba zai ga iska ba. To ita wannan fanka sai ta yi aiki ta yi aiki, ana tsakiyar tafiya fiyus ya ƙone, ta ɗauke.

Zuwan farko Baba ya sa sabon fiyus, ta tashi, suka tafi. Bayan mako guda suka dawo, ya ce fankar ce ta tsufa tana jan wuta da yawa, ya canza ta. Zuwa na uku ya canza rile da abin rage gudun. Duk lokacin a rumfa sai ta yi ta hura sanyi awa guda ba gargada, a tafi ana sa albarka, a dawo da ƙonannen fiyus. Ni ina gefe ina nawa aikin, ina gani, ban ce komai ba.

A zuwa na huɗu motar ta kwana biyu a wurinmu. Direbanta, Malam Buba, wani dogon Bafulatani siriri mai sanyin murya, ya zauna kusa da ni a inuwar darbejiya ina ɗaure sitatar tayar da wata mota, yana ba ni labari. Ya ce a makon da ya wuce ya ɗauko wata mata daga ruga, naƙuda ta yi mata tsanani, za a kai ta Kano. Suna shiga dajin Falgore da rana tsaka fanka ta ɗauke. Bayan motar ya zama kamar tanda, uwar mijinta na ta yi mata fifita da faifai, kafin su kai Kwanar Dangora matar ta suma. Sai da ya tsaya ya buɗe ƙofar baya ya ɗaure ta da igiya, suka ƙarasa a haka ƙura na shiga. Allah ya sa da sauran kwana, ita da jaririn suka rayu.

"Yanzu a garinmu cewa ake yi an yi wa motar asiri," in ji shi. "Wai da ta ji an kwantar mata da mara lafiya sai ta ɗauke numfashi."

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce, "In ka sa sabon fiyus, babu kowa a baya fa?"

"In babu kowa, in je Kano in dawo ba abin da zai same ta."

"In mutane ne a zaune a bencin gefe, gado babu kowa?"

Ya ɗan yi tunani. "Wallahi ban taɓa lura ba. Amma da ka faɗa, ban tuna ta taɓa ɗaukewa gado yana wofi ba."

Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Fanka ba ta san mara lafiya ba, amma ƙarfe ya san nauyi. Na ce a raina akwai inda waya take taɓa jikin mota idan an danne gadon nan, kuma fiyus ɗin da kowa ke zagi shi kaɗai ne ke yin aikinsa daidai.

Washegari da safe na leƙa akwatin fiyus ɗin, sai na ga babu fiyus. Baba ya lanƙwasa wata kakkaurar wayar tagulla ya cusa a gurbinsa. Na san irin motar nan ciki da bai, na san igiyar wayoyin baya tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da bututun mai a ƙarƙashin daɓe, a sama kuma ga tukunyar iska. In waya ta haɗu da ƙarfe babu fiyus ɗin da zai yanke wuta, ita wayar ce za ta yi ja ta kama. Na same shi a bayan rumfa yana alwala don walaha, na jira ya gama, na durƙusa.

"Baba, na ga wayar da kuka sa a gurbin fiyus."

"Fiyus ɗin kasuwar yanzu duk jabu ne," ya ce. "Ba sa ɗaukar wuta. Shi ne ciwon motar."

"Ina ganin akwai inda take haɗuwa a ƙarƙashin gado. Ku ba ni izini in bi wayar."

"Na sa ka?"

"Ba ku sa ni ba."

"To je ka yi wanda na sa ka."

Bayan azahar na sake komawa. Na gaya masa abin da Malam Buba ya faɗa, na gaya masa maganar bututun mai. Bai ko dube ni ba, ya ce shugaban ƙungiya yana tafe da la'asar, mutane sun gaji da zirga-zirga, kuma shi yana gyaran waya tun ban iya ɗaura wando ba. Wannan karon muryarsa ta ɗan tashi, abin da ba halinsa ba. Ina so ku riƙe wannan, domin masu ba da labarin nan ba sa faɗinsa: sau biyu na same shi a keɓe.

Da la'asar sakaliya Alhaji Mamuda shugaban ƙungiyar ya iso, tare da wani dattijo Arɗo wanda aka ce shi ya ba da sa mafi girma. Baba ya tayar da mota, ya kunna fankar baya, sanyi ya cika ta, suka sa hannu a bakin iskar suna murmushi. Ya kashe, ya rataye makulli a ƙusar jikin rumfa kamar yadda ya saba, suka yi 'yan maganganu. Masu shayi da masu faci na kusa da mu duk sun matso kallo. Can ya ce, "Salisu, miƙo musu makulli."

Na ɗauko shi. Tsakanin ƙusar nan da hannun Alhaji Mamuda bai fi taku biyar ba, kuma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Na tuna matar da Malam Buba ya ba ni labari, na ga irinta kwance a kan gadon nan, ƙofa a rufe, hayaƙi na tasowa daga ƙasa. Na tsaya a tsakiya, na dunƙule hannuna.

"Baba, ku yi mini haƙuri. Ba zan miƙa ba. Motar nan ba ta gyaru ba."

Alhaji Mamuda ya dubi Baba, ya dube ni, ya ce, "Malam Ilu, me yaron naka yake nufi?"

Baba ya je ya zauna a kan bencinsa, ya ce, "Tunda ya zama malam, ya nuna muku."

Na zare wayar tagullar na sa a aljihu don kada kowa ya gani, duk da na san wasu sun gani. Na ɗauko ƙwan fitilar mota na haɗa masa waya biyu, na sa shi a gurbin fiyus. Na zagaya baya na buɗe bango na zare soket ɗin fanka, na murɗa makulli, na kunna makunnin baya. Na yi wa Alhaji bayani cewa yanzu fanka ba ta haɗe, wuta ba ta da hanyar bi, don haka ƙwan nan bai kamata ya kama ba. In ya kama, to wuta ta sami ɓarauniyar hanya zuwa jikin mota. Ƙwai bai kama ba. Na girgiza wayoyin wajen batir, na girgiza na bayan dashbod, na bi na gefen ƙofa, shiru. Na ce wa Malam Buba ya hau gado ya kwanta. Ya kwanta ya miƙe kamar kara, shiru. Wani daga cikin masu faci ya yi dariya. Gumi ya jiƙe mini riga, na fara tunanin in ban sami komai ba ina zan sa fuskata, a garin nan da kuma a gida.

Sai na tuna cewa mara lafiya ba ya zuwa shi kaɗai, akwai mai riƙe shi da ke zama a bakin gado, ga kuma ramukan hanya. Na roƙi wani mai sayen hatsi da ke maƙwabtaka da mu ya ara mini buhun masara biyu. Aka ɗora su a kan gado. Har yanzu shiru. Na ce a jijjiga motar. Malam Buba ya kama gefe ɗaya, shi kansa Arɗo ya jingine sandarsa ya kama ɗaya gefen, suka fara rausaya ta. A jijjiga ta uku ƙwan ya ƙyafta. A ta biyar ya kama fes, kamar an kunna fitilar mota da rana.

Na kashe makulli, na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashi da tocila. Ban daɗe ina nema ba. Waɗanda suka kafa gadon a birni sun yi amfani da wani ƙarfen ɗauri irin ƙusa da ya fi ƙarfin wurin tsawo, ya huda daɓe, bakinsa ya sauka daidai kan igiyar wayoyi. Idan gado babu nauyi, tsakaninsu akwai ɗan sarari kamar kaurin farce. Idan an danne, mota na tsalle, sai bakin ƙarfen ya riƙa cin robar. Ya riga ya cinye rigar igiyar, ya feɗe jar wayar da ke kai wuta ga fanka, wurin ya yi baƙi da tartsatsi. Daga nan zuwa bututun mai yatsu huɗu ne, na auna da hannuna. Na kira Alhaji Mamuda ya durƙusa da babbar rigarsa ya leƙa. Da ya ɗago sai ya yi salati.

Na yanke bakin ƙarfen da zarto, na yanke wayar da ta ci wuta na sa sabuwa na liƙe da dalma, na naɗe, na zura igiyar a cikin tiyo, na janye ta daga wurin na ɗaure, na sa fiyus mai lambar da ta dace. Muka bi hanyar gonakin shinkafa mai ramuka da buhunan a kan gado, muka je muka dawo, fanka na hurawa. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai yau: tsohuwar fankar da aka cire, daga baya na gwada ta a kan batir, lafiyarta ƙalau.

Da suka tafi, jama'a suka watse, Baba yana nan a kan benci. Na je na durƙusa zan yi magana, ya ɗaga mini hannu.

"Aikinka ya yi kyau," ya ce. "Tattara kayanka. Rumfa ɗaya ba ta ɗaukar malamai biyu."

Labari ya riga ni isa gida. Mahaifiyata, Iya, tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta bari na gama sallama ba.

"Ko da gaskiyarka a hannu, ba a tuɓe wa babba riga a kasuwa. Mutumin da ya riƙe ka kamar ɗan cikinsa. Da ka bar su sun tafi, ka bi direban a hanya ka gaya masa, wa zai sani?"

Na ce, "Iya, in an kira shi ɗaukar mara lafiya kafin in cim masa fa?"

"Kai dai ka iya amsa," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Mahaifiyarku tana da tsohon ciki a lokacin. Ta kawo mini ruwa, ta zauna a bakin ƙofa, ta jira na sha.

"Malam, ka same shi shi kaɗai kafin nan?"

"Sau biyu."

Ta gyaɗa kai. "To. Shi ubana ne, kai mijina ne. Ba zan ɗauko magana daga can in kawo nan ba, ba kuma zan ɗauka daga nan in kai can ba. Kada ka tambaye ni, shi ma zan gaya masa haka."

Ta kuwa cika. Duk Juma'a tana zuwa gidansu ta dawo, ban taɓa jin ko kalma ɗaya ba.

Na aika limamin unguwarmu ya ba da haƙuri kan yadda abin ya faru a gaban mutane. Baba ya ce shi ba ya riƙe da kowa, amma maganar rumfa ta wuce. A Tudun Wada kuwa babu direban da zai kawo mini mota, ba don sun raina aikina ba, sai don nauyin Baba. Dole na ɗauki akwatin kayana na koma Kafin Maiyaki, na zauna a gindin wata tsamiya kusa da tasha, kullum in tafi da safe in dawo da yamma. Ni da nake kwance wayarin babbar mota, na koma gyaran fitilar acaɓa da hon. Akwai ranakun da nake dawowa da abin da bai wuce kuɗin mota ba, mahaifiyarku ta sa tukunya da abin da ta samu na ƙuli-ƙulinta, ba ta taɓa canza mini fuska ba. Da aka haifi Aminu, ranar suna Baba bai zo ba, goro ya aiko. Na ga mahaifiyarku ta karɓi ƙullin goron ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. A duk abin da shekarar nan ta ci mini, wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Amma Malam Buba bai yi shiru ba. Duk tashar da ya tsaya sai ya ba da labarin ƙwan fitila da buhun masara. Kafin damina ta ƙare aka fara turo mini motocin da suka gagara, daga Doguwa, daga Kiru, har daga Bebeji. Aka riƙa cewa a kai wa Salisu, shi ba ya canza kaya sai ya ga ciwon da idonsa. Na kafa rumfa ta kwano. Motar asibitin nan kuwa ta yi shekaru tana jigila har injinta ya gaji, fankar baya ba ta sake ɗaukewa ba.

Bayan kaka ta biyu, wata Juma'a, mahaifiyarku ta dawo daga gidansu ta zauna ba ta cire mayafi ba.

"Malam, yau zan karya alkawarina sau ɗaya. Baba ba ya gani sosai. Yanar ido ce ta rufe masa gani, ta fi shekara uku tana cinsa. Umma ta ce tun kafin maganar motar nan ba ya bambance jar waya da mai ruwan ƙasa. Ya hana ta gaya wa kowa."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa mutumin da ya koya mini bin waya taƙi bayan taƙi ya koma canza kaya yana fatan a dace. Ba zai iya shiga ƙarƙashin mota ya gani ba, ba kuma zai iya buɗe baki ya ce wa yaronsa zo ka duba mini ba. Kullum muna rumfa ɗaya, ina gano ciwon da ke ɓoye a cikin bangon mota, ban ga wanda ke fuskar maigidana ba. In kuna neman laifina a labarin nan, wannan ne. Riƙe makullin kuwa, da za a mayar da ni ranar, zan sake riƙewa.

Kawunanku suka kai shi Kano aka yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan bai samu ba. Na je dubiya, ya amsa gaisuwa, ba mu wuce gaisuwa ba.

Wata ranar kasuwar Kafin Maiyaki, wajen hantsi, ina tsugune a gaban wata bas ina haɗa wayar fitila, sai na ji an yi sallama a bayana da muryar da ko a cikin dubu zan gane. Na miƙe da sauri na goge masa benci. Yana sanye da farin tabarau, da 'yar jaka a hannu. Ya ce irin albasa ya zo nema, ya ce bari ya huta kafin rana ta yi. Na aika aka kawo masa fura. Muka gaisa, ya tambayi Iya, ya tambayi Aminu ko ya fara tafiya, na ce har gudu yake yi. Daga nan magana ta ƙare, na koma bakin aikina. Yana zaune yana kallo da ido ɗayan nan, har na liƙe wayar, na naɗe ta da tef, na kai haƙori zan yanke.

"Salisu."

"Na'am, Baba."

"Ka yi wa tef ɗin nan rowa. Damina na tafe, ruwa zai shiga. Ƙara zagaye biyu."

Na ƙara zagaye biyu. Ya miƙo hannu, na ɗora masa wayar a tafinsa, ya shafa naɗin da babban yatsa daga farko har ƙarshe, ya sake ta.

"Wace ce ta gaba?" ya ce, yana gyara zama.